Ranar da Inna Shatu Ta Hau Jirgi

Sama'ilu ɗan Shatu ya rasu ne da damina, a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati tana ta sayo wa sojoji jirage. Suna cikin atisaye a jirgi mai saukar ungulu, shi da malaminsa da makanikensu, sai inji ya mutu a sama, suka faɗo a wani daji can kudu. Babu wanda ya fita. Kafin labari ya iso rugarsu da ke bayan duwatsun Roni, sojoji sun riga sun yi musu sutura.

Shatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne maganar masu zuwa gaisuwa, kowa ya zauna sai ya ce da ma an bar yaron da shanu. Daudu, yayan mijinta marigayi, wanda tun farko bai so a kai yaron makaranta a Kazaure ba, ya fi kowa nanatawa.

Ranar sadakar arba'in, da hantsi, ana rabon waina, sai aka ji wata ƙara daga gabas. Jirgi ne mai saukar ungulu. Ya kewaya rugar, ya sauka a fako, iskarsa tana kwantar da gero. Sojoji suka fito, suka cire huluna. Babbansu, wani dogo mai suna Toma, mutumin Kudancin Zariya, ya zo ya durƙusa a gaban tabarmar mata.

"Inna, mu ne abokan aikinsa. Mun zo gaisuwa. Allah ya jiƙansa."

"Amin, ɗana. Sauran biyun fa, su wane ne?"

"Silbanus, malaminmu, daga Jos yake. Sai Abu makanike, Bakatsine."

"Iyayensu mata suna raye?"

"Suna nan, Inna."

Ta yi musu addu'a, su da uwayensu. Toma ya ba ta labarin yadda ɗanta yake da sanyin hannu a tuƙi, har Silbanus yakan ce wa sauran ɗalibai su dubi Bafulatani su koya. Tana saurare, amma idonta yana kan jirgin.

"Irin wancan ne?"

"Irinsa ne."

"To, ka ɗauke ni in ga abin da ya raba shi da shanu."

Daudu ya taso daga cikin maza. "Shatu, kin san abin da kike faɗa? Abin da ya cinye miki ɗa za ki shiga?"

"Yaya, kwana ne ya ƙare masa. Kun yi ta faɗa mini ya yi asara, kuma babu wanda ya taɓa zuwa inda yake zuwa. Ni zan je in gani."

Toma ya ce ba a ɗaukar farar hula sai da izini. Ya koma jirgi, ya daɗe yana magana da manyansa ta rediyo, mutane suna jin Turanci yana tashi. Da ya dawo, murmushi yake. "Sun yarda, Inna. Sun ce uwar Sama'ilu uwarmu ce."

A bakin ƙofar jirgin ta cire takalmanta, kamar mai shiga ɗakin surukai. Aka zaunar da ita gefen taga, aka ɗaure ta da ɗamara. Da ƙasa ta fara janyewa sai ta runtse ido, ta damƙe hannun sojan da ke kusa, tana salati. Can Toma, wanda ke tuƙi, ya ɗaga murya saboda ƙara: "Inna, duba ƙasa."

Ta buɗe ido. Duwatsun da ta tsufa tana kewayawa sun koma kamar duwatsun murhu. Gonaki shar har iyakar gani. Ga ruwan Kazaure yana ƙyalli kamar sabuwar tasa, ga burtalin da take bi da ƙwaryar nono a ka, hanyar da ke cinye mata safiya guda, ya zama siririn zare. Ta hango farfarun shanunsu a gindin dutse, har ta gane bijimin.

"Ashe abin da yake gani ke nan kullum," ta ce. "Sama'ilu."

A nan kukan ya zo mata. Sojojin suka kau da kai. Toma ya sake kewaya duwatsun a hankali, bai juya ba sai da ta share fuska da mayafi, ta nuna masa wata ƙorama ta ce ya bi ta can, tana so ta ga inda ƙoramar ta fito.

Da suka sauka, ita da kanta ta diro, ba ta jira a riƙe ta ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, a gidan da aka taru don makoki. Shatu ta nufi Daudu kai tsaye.

"Yaya, na gani. Da ni ce shi, ni ma ba zan dawo kiwo ba. Daga yau wanda zai yi mini gaisuwa ya yi masa addu'a kawai."

Daudu ya dube ta, ya dubi jirgin. "Allah ya jiƙansu duka," ya ce, ya je ya miƙa wa Toma hannu.

Ta sa aka dama wa sojoji fura, ta cika ƙorai biyu da man shanu, ɗaya a kai Jos, ɗaya Katsina. Mata suka yanyame ta, kowa da tambayarta. Ta juya ga maƙwabciyarta.

"Ke Tasalla, na hango daga sama, jinkar ɗakinki ta ɓule ta baya. Ki sa a gyara kafin ruwan yamma."