Kular Amatullah

Kular abincin ta dawo da nauyinta. Ya Kaka ba ta ma buɗe ba. Tana karɓarta daga hannun Hussaina ta san burabiskon na nan yadda ta zuba shi da safe.

"Yau ma? To me Amatullah take ci a asibitin nan, warin magani?"

Hussaina ba ta yi dariya ba. Rigar aikinta duk jirwayen jini ne.

"Mama, ɗauko mayafinki. Amatullah ta faɗi."

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Ya Kaka da na Amatullah a Dogo Nini. Mijin Amatullah direban motar shanu ne, ya fi zama a hanyar kudu, don haka tsohuwar ta ɗauki girkinta a wuyanta. Ita Amatullah mataimakiyar nas ce a ɗakin mata, ita da Hussaina. Su ne juya marasa lafiya, su ne wanka, kwashe fo da tura gado. Aikin mutum shida, su biyu. Ran nan kuma ranar kasuwar shanu ce, mota ta kife a hanyar Damagum, aka cika ɗakin har ƙasa.

Ya Kaka ta tarar da Amatullah kwance a gadon da ita da kanta ta shimfiɗa. Likita ya ce gyambon ciki ne ya fashe, ya daɗe yana cinta.

"Kada ki yi mini faɗa, Ya Kaka," in ji Amatullah, leɓɓanta sun bushe. "Wallahi na buɗe kular. Har na wanke hannu, aka kira ni."

"Kin ci?"

"Na ji ƙamshi dai. Yajin ya yi yawa."

"Ji marar kunya! Ba ki ci ba, kina kushe."

Amatullah ta yi murmushi, ta juya ido wajen Hussaina. "An juya tsohuwar can ta bakin taga? Bayanta zai yi ciwo."

Amatullah ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

A wajen zaman makoki kowa bakinsa ɗaya: kwana ne ya ƙare. Hajiya Ramlat, shugabar ɗakin matan asibitin, ita ma ta zo, tana share hawaye.

"Ma'aikaciya ce ta gaske. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ta gaji ba."

"Kwana ya ƙare, na yarda," in ji Ya Kaka. "Amma cikinta ba yau ya fara ƙarewa ba."

Mata suka sunkuyar da kai. A nan ne Ya Kaka ta hango Hussaina a bakin ƙofa, ta ƙi zama. An miƙa mata kwano ta ce sauri take, ba mai duba marasa lafiya. Ta danne saman cikinta da hannu, ta jefa farar ƙwayar maganin ciki a baki tana tauna. Haka Amatullah take yi. Daidai haka.

Ranar sadakar uku, Ya Kaka ta yi burabisko da miyar yakuwa, ta cika kular nan, ta tari Napep. Da azahar tana tsakiyar ɗakin mata. Ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, ta buɗe murfi, ƙamshi ya danne warin magani.

"Hussaina! Ajiye fo ɗin nan, wanke hannu, zo ki zauna."

Hajiya Ramlat ta fito daga ofis. "Haba Mama, nan ba wurin cin abinci ba ne. Ki bar mata, za ta ci in ta samu sarari."

"Sararin da waccan ta samu?"

"Ki duba ɗakin nan. Ni ma tun safe ruwa ne a cikina. Na nemi ƙarin ma'aikata har na gaji. In ta zauna, wa zai tashi?"

"Ni ban zo da abinci ba, Hajiya. Sadakar mamaciya na kawo." Ya Kaka ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen ɗaki za su ji. "Sadakar Amatullah ce. In za ki mayar mata da ita, faɗi da bakinki, in ɗauka in tafi."

Wa ya taɓa korar sadakar wanda ke kabari?

Wata Bafulatana mai suna Zara, mai jinyar 'yarta, ta miƙe ta zare fo ɗin daga hannun Hussaina. "Kawo nan. Mu ma muna da hannu. Yarinya ta ci abinci, walla."

Wata ta ɗauki tsintsiya. Biyu suka nufi tsohuwar bakin taga, suna tambayar ta ina ake kamawa.

Hussaina ta zauna a ɗarare, ido a kan shugabarta.

"Ci," in ji Hajiya Ramlat a hankali.

"Ke ma zauna, Hajiya," in ji Ya Kaka. "Kuma ku sani, gobe ma sadaka ce. Jibi ma. Har arba'in, har bayan arba'in. Ku kai ƙarata inda kuka ga dama."

Wata ta kira daga gado. Hussaina ta zabura, Ya Kaka ta danne mata gwiwa da tafin hannu, ba ta ɗaga ba sai da yarinyar ta haɗiye lomar.

Da yamma Ya Kaka ta sauka daga Napep a bakin layi. Ƙofar Amatullah a rufe take, silifas ɗinta na gida har yanzu suna jingine a dakali. Ta wuce ta gabansu, kular na lilo a ɗan yatsanta, cokalin ciki yana ƙara.