Hoton Baba Kebul a Gurup ɗin Dangi

"Kashe intanet ɗin gidan, yanzu-yanzu!" in ji ƙanen Baba Kebul ta waya. "Yaya ya cika. Wani shashasha cikin 'ya'yanmu ya ɗauki hotonsa a gadon asibiti ya tura gurup ɗin dangi. Inna ba ta sani ba. Ga mu nan tafe da liman."

Na fizge filogin akwatin intanet da ke ɗakina. Daga shi sashen su Baba Kebul ke sha, ta ramin da marigayin ya huda a bangonmu da hannunsa.

Shekara talatin ya yi yana rarrafe a cikin silin ɗin ofisoshi, tun zamanin da kwamfuta ba ta jin 'yar'uwarta sai an ja waya tsakaninsu. Da na dawo daga karatu a ƙasar waje da digiri a kan wannan aikin, ya dubi kan kebul ɗin da na matse, ya ce, "Injiniya, jirgi ka hau don wannan?" Ya yanke, ya sake.

Matarsa Inna tana da hawan jini. Irin wannan labari manya ke kawo shi, a zaunar da mutum, a fara da "jiki ya yi tsanani". Minti ashirin kawai nake nema musu.

Na same ta tana ninke masa riguna.

"Injiniya, abin naku ya ɗauke."

"Gyara ake yi, Inna."

"Da yana gida da tuni ya zage ku."

Sai ga mai ɗinkin da shagonta ke kallon gidanmu ta faɗo ko sallama babu, waya a hannu. An riga an watsa hoton zuwa gurup ɗin unguwa, ita kuma tana da data a wayarta.

"Wayyo Inna! Ashe haka ya rame?"

"Fita," na ce.

"Daga zuwa gaisuwa?"

"Gaisuwar me? Wa ya aike ki? Fita!"

Inna ta riga ta karɓi wayar. Ta nisanta ta daga idonta, don babu tabarau. A ƙarƙashin hoton mutum arba'in da wani abu sun jera addu'o'i da 'yan fuskoki masu hawaye. Ko ɗaya bai tambaya ko matarsa ta ji ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado.

"Ko bakinsa ba su rufe masa ba," ta ce.

Ta ɗora babban yatsanta a kan gilashin, daidai wurin bakin nasa, ta bar shi a nan har hasken wayar ya mutu.