Tabon da Ya Ƙi Motsi

Ta sake danna maɓallin. Hoton kan mijinta ya dawo a fuskar kwamfuta, tabon kuma yana nan inda ta bar shi, baƙi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, a bayan kunnen hagu.

"Baba, wata waya ce ta kwance," ta ce da mai kula da na'urar, ba ta ko juyo ba.

"'Yata, da hannuna na manna su." Tsohon ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga.

Aikin digirinta ne. Ana manna wa mutum wayoyi, a sakar masa 'yar wutar lantarki da ba ta cutarwa, na'urar hoto ta asibitin ta auna yadda wutar ke gudana a cikin jiki. Daga awon nan lissafinta ke zana yadda kowane nama ke barin wuta ta ratsa shi, don nama mai ciwo ba ya karɓar ta kamar lafiyayye. Abin da ta sha wuya ta tabbatar shi ne lissafin ba ya ruɗewa. In kuskuren awo kaɗan ne, na hoto ma kaɗan ne, muddin wutar ba ta mutu a wurin ba. Ranar da hujjar ta kammala har rawa ta taka a kicin, mijin yana kaɗa mata murfin tukunya.

Da suka gaji da gwaji a bokitin ruwan gishiri, aka nemi lafiyayyen mutum. Shi ya miƙa kansa. "Leƙa ki gani," ya ce, "ke kaɗai ce a ciki."

Ta duba ƙarfin wutar a bayan kunnen, tana addu'ar ta same ta a mace. Wutar tana gudana sarai.

"A yayyafa masa ƙura," in ji Baba a hankali.

Haka suke yi kullum. Su ɓata awon da gangan, in tabon ƙarya ne sai ya watse ko ya yi tsalle zuwa wani wuri. Ta zuba kuskure kaɗan. Ta ƙara. Ta ƙara har hoton ya yi dishi-dishi. Gefen tabon ya ɗan girgiza, amma bai gusa ba.

Sai ta tuna ciwon kan da mijinta yake tashi da shi da safe, da makullin da ke yawan suɓuce masa daga hannun dama, ita kuma tana yi masa tsiya.

Ƙofa ta buɗe. Mijin ya shigo yana ɓalla maɓallin riga, man manna wayoyin bai gama bushewa a kansa ba.

"Farfesa, an samu ƙwaƙwalwar kuwa? Ko fanko ne kamar yadda yayarki ke faɗa?"

Baba ya sunkuyar da kai yana naɗe waya.

"Kai, kun yi tsit. Lissafin ne bai yi ba?"

"Ya yi," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

"To ai sai murna! Na faɗa miki, ba kya kuskure."

Ta miƙe, ta kai hannu kamar za ta goge masa man. Yatsanta ya tsaya a bayan kunnen hagu, wurin da ɗumi, jijiya na bugawa.

"Masoyi, kada ka tayar da mota tukuna. Likitan ƙwaƙwalwa yana hawa na sama."

Makullin ya faɗi ƙasa a tsakaninsu. Ba wanda ya duƙa ya ɗauka.