Littafin Awon Turai

Wata goma sha huɗu Turai ta yi tana gasa ƙananan faya-fayan zakoniya a tandar sashensu na jami'a, tun kafin ta sami ciki har ya kai ba ta iya sunkuyawa. Aikin digirinta na biyu ke nan. Zakoniya farin gari ne. In an zuba masa ɗan sinadarin yitiriya aka danne aka gasa, oksijin yakan ratsa shi ɗauke da lantarki. Abin da ya dame ta, wasu faya-fayan, lantarki na ratsa su sosai, wasu kuwa kamar an toshe, alhali garin ɗaya ne. Da ƙyar ta gano dalili. Duk wanda aka bari ya huce a hankali cikin tanda, yitiriyar takan taru a gaɓar da ƙwayar gari ta haɗu da 'yar'uwarta, ta tare hanya. Wanda aka fiddo da zafinsa bai cika yin haka ba.

Haihuwar fari ce, don haka aka kai ta gida Bebeji. Mahaifiyarta, Inna Baturiya, ta ce ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba sai ta yi arba'in, wanka safe da yamma. Taron masana na shekarar 1994 kuwa, inda ta so gabatar da aikinta, ya faɗo a mako na uku da haihuwar.

Ranar suna Bature ya zo, abokin karatunta ɗan Tudun Wada, wanda suke aiki a teburi ɗaya. Har da turmin atamfa ya kawo.

"Maijego, ke kina nan kina shan kunun kanwa, mu muna can zafin tanda na gasa mu," in ji shi.

Ya ce bai kamata wahalarta ta tafi a banza ba, ta ba shi littafin awonta ya karanta a taron a madadinta. Ta buɗe akwati ta miƙa masa. Shi kaɗai ne, ba ta da kwafi.

Bayan arba'in ta koma jami'a da 'yarta Saudatu a goye. A teburin malaminsu, Dakta Gwadabe, ta ga littafin da aka buga na taron. Takardar aikinta na ciki, amma sunan Bature ne a sama, sai na Dakta. Nata yana can ƙasa, an gode mata da taya gashin faya-fayai.

Ta sami Bature a bakin tanda.

"Malam Bature, ina sunana?"

Ya ce masu taron ba sa sa sunan wanda bai halarta ba.

"To, ina littafina?"

Wai a mota ya ɓata, a hanyar dawowa, Allah ya sa ya riga ya kwafe lambobin. Bai ɗago ya dube ta ba. A bakin wasu ta ji cewa takardar ta samo masa gurbin karatu a Ingila.

Dakta Gwadabe ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce shi lambobin a rubutun Bature ya gan su, kuma abin da aka riga aka buga da sunan wani ba za a karɓa a kundinta ba. Sai dai ta soma wani aikin da wani garin sinadari, wanda zai yi wata shida kafin ya iso.

Saudatu ta fara kuka. Turai ta fita baranda ta zauna ta ba ta nono, tana tunanin wa za ta bar wa yarinyar, don ba za ta kai ta kusa da zafin nan ba. Da ta ƙoshi, ta gyara goyo ta koma ciki.

"Ranka ya daɗe, a ba ni fom ɗin sabon aikin. Amma teburina ni kaɗai."