Sojoji Masu Shuɗin Riga

Glenys Harrower ba ta taɓa yarda da kowa a kan gwangwanin biskit ɗin nan ba, har da mijinta Lloyd lokacin yana raye. A cikinsa sojojin dalma na mahaifinta suke kwana, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wasu da jajayen riguna wasu da shuɗɗa, an nannaɗe su a tsofaffin safuna. Sau ɗaya suke ganin rana a shekara. Ranar Kirsimeti da hantsi Glenys za ta zagaya bayan gidanta da ke gefen garin Dorrigo ta ɓoɓɓoye su, a tukwanen fure, a ƙarƙashin tankin ruwa, a reshen lemon tsami, bayan an ci abinci kuma yara da manya su bazama nema. Wanda ya fi tarawa shi ke yanka kek. Haka ubanta ya yi mata, haka ta yi wa 'yarta Bronwyn, yanzu kuma tana yi wa jikarta Sela.

Sai dai masu shuɗin riga suna ta ƙarewa. Jajayen kullum suna dawowa cif, amma shuɗɗan kusan kowace shekara sai an nemi wani an rasa, kuma su ne masu daraja, waɗanda masu tara irin kayan nan ke rububinsu. Ita kuwa Glenys ta daɗe da kama ɓarawonta a zuci. Tun da Bronwyn ta auri Tevita, wani mutumin tsibirin Tonga mai aikin jinya, ta ce abin ya ƙaru. Ko ya ƙaru ko bai ƙaru ba, ita dai haka ta ƙudurta. Tevita ƙaton mutum ne mai yawan dariya, ga ladabi kamar ya kwanta maka a ƙasa, kuma ladabin nan ne ya fi tsaya mata a rai. A ganinta mai gaskiya ba ya irin wannan rawar jiki.

Ana gobe Kirsimeti Bronwyn ta bugo waya.

"Mama, bara har ƙofar banɗaki kika bi Tevita da ido. Na gani, shi ma ya gani. In kika sake bana, na rantse ba za ki ƙara ganin ƙafata a gidan nan ba, daga ni har Sela."

"Ni me na ce? Yanzu ido ma sai an nemi izini kafin a yi kallo da shi?"

"Tsuntsu ne, Mama. Mai-rumfa ne. Kaf Dorrigo wa bai san halinsa da shuɗin abu ba?"

Glenys ta san mai-rumfa, ba sai an gaya mata ba. Baƙin tsuntsun nan mai sheƙi da ke gina 'yar rumfa da tsinke a ƙasa, ya ƙawata ƙofarta da duk wani shuɗin abu da ya samu don ya burge mace. Ya sha kwashe mata murfin kwalba da abin maƙale shanya. Amma murfin kwalba daban, dalma daban.

"Wane tsuntsu ne zai tashi da dalma a baki?" in ji ta. "Wannan tsuntsun naki hannu gare shi, da aljihu."

Bronwyn ta kashe wayar ba ko sallama.

Gargaɗin ya shigi Glenys, don Sela ita ce kaɗai abin da ke sa ta dariya tun rasuwar Lloyd. Amma zargi in ya samu wurin zama ba ya tashi da lallashi. Ta ce wa kanta ba za ta yi magana ba sai ta kama shi dumu-dumu, kuma in ta kama shi, ai Bronwyn ce za ta zo tana ba ta haƙuri.

Washegari suka iso da hantsi, rana ta riga ta fara dukan rufin kwano, gyare sun cika daji da ƙara. Tevita ya fito daga mota rungume da tire na naman rago da aka dafa a ganyen gwaza da madarar kwakwa.

"Barka da Kirsimeti, Mama! Bana ma sai na kayar da kowa, ni zan yanka kek ɗin nan."

"Ai ka saba samun abin da kowa bai samu ba," in ji Glenys tana murmushi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bronwyn ba ta yi ba.

Yana tsaye a gindin murhun gashi yana juya jatan lande Glenys ta fito da kyaftin ɗin sojojin. Shi ne ya fi kowanne kyau a gwangwanin, shuɗin riga da takobi a ɗage, kuma rabon da ta fito da shi tun Lloyd na da rai. Ta hau kan akwatin katako, ta miƙa hannu ta ɗora shi a saman ginshiƙin shinge, inda Sela ba za ta kai ba, Bronwyn kuma da gajartarta ba za ta hango ba. Ta yi tari da gangan. Tevita ya ɗago, ya ga inda ta ajiye, ya rufe ido da tafin hannu.

"Ban ga komai ba, Mama!"

To, in ji ta a zuci. Yanzu mutum biyu ne kawai a duniya suka san inda yake.

A wurin cin abinci, kowa da hular takarda ta bikin Kirsimeti a ka, Glenys ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Tevita ya tashi ya ce zai ɗauko ƙanƙara a mota, ta bi bayansa da kallo. Ya dawo, ya sake tashi ya ce ya manta bai kashe murhu ba. Murhun kuwa daf da shingen yake. Biri fa ya yi kama da mutum. Gaskiyar magana daɗi take ji, irin daɗin mai tarko da ya ji motsi.

Aka gama ci aka fita nema. Sela na ta ihu tana zaro jajaye daga tukwanen fure, Tevita na biye da ita yana yi kamar bai gani ba don ta riga shi. Glenys ta miƙe kai tsaye zuwa shinge, ta hau akwatin, ta shafa saman ginshiƙin. Wayam. Ta duba ƙasa, ta buɗa ciyawa da ƙafa, babu.

"Tevita," ta kira. "Zo nan."

Ya zo yana share gumi.

"Ina kyaftin?"

"Ba ya nan? Ai a nan na ga kin..."

"Ashe dai ka gani. Juye aljihunka."

"Mama!" Bronwyn ta daka mata tsawa daga baranda.

"Ke rufe mini baki. In ba shi da kaza a aljihu, me zai ji tsoro don an ce as?"

Dariyar nan ta Tevita ta ɗauke ɗif. Ya dubi Sela da ke tsaye da sojoji cike da hannu, sannan ya zaro aljihunsa duka biyu waje. Makullin mota, alewa guda, sai shuɗin ƙyallen ɗaure gashin Sela, wanda ya faɗi a ciyawa.

"Ko in cire takalmi ma, Mama?" ya tambaya a hankali. Ba gatse ba ne, da gaske yake, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Ka riga ka kai shi wani wuri. Sau biyu kana fita."

Bronwyn ta sauko daga baranda.

"A daidai wurin nan kika juye mini aljihu ina 'yar shekara tara, kan shuɗin sojan nan mai begila. Kika ce na sayar wa yaran makaranta. Duk hutun nan kowa ya je teku ban da ni. Har yau ba ki taɓa cewa kin yarda ba ni na ɗauka ba. To ni na shanye, amma 'yata ba za ta tashi tana kallon ana laluben ubanta ba. Sela, ajiye mata kayanta."

Sela ta zube sojojin a kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, to wa zai yanka kek?"

Bronwyn ta ja hannunta, su uku suka shiga mota. Motar ta tashi, ta bar Glenys tsaye da hular takarda a ka.

Kada ka ɗauka ta yi nadama a lokacin. Haushi ta ji, ta kuma tabbata kyaftin na nan kusa, an tura shi wani lungu sai an dawo ɗauka. Da la'asar ta sa takalmin lambu ta shiga bincike, bayan tanki, ƙarƙashin murhu, cikin tarin itace. Tana durƙushe sai ta ji fuka-fuki. Mai-rumfa ne ya sauka a ciyawa, ya tsince ƙyallen gashin Sela, ya bi ta ƙarƙashin shinge ya shige kurmin da ke gangare.

Rabonta da gangaren nan tun tana budurwa, don ƙaya da macizai. Ta kutsa, ƙaya na yagar hannunta, har ta iso wani ɗan fili a gindin itatuwa. Ga rumfar tsinke, ga shuɗin duniya a baje a gabanta: murfin kwalba, tsinken shan lemo, abin maƙale shanyarta, fuka-fukan aku. A tsakiyarsu sojojinta ne kwance birjik, kyaftin kuma a bakin ƙofar rumfar da takobinsa a ɗage.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne, lallai mutumin nan ya iya makirci, wato nan yake kawo su don a ce tsuntsu ne. Har ta fara jin daɗin wannan tunanin sai yatsanta ya taɓa wani abu mai tauri da ya nutse rabi a ƙasa. Ta tono shi ta goge da bakin riga. Fentin ya kusa ƙarewa, gansakuka ta cika ramin hularsa, amma begilar na nan a bakinsa. Lokacin da wannan ya ɓata, Tevita yana yaro a tsibirinsu, bai ma san akwai wani gari wai shi Dorrigo ba.

Ta zauna a ƙasa. Kunya ta rufe ta, da wani baƙin ciki da ba ta taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka binne Lloyd. A kan reshe tsuntsun na karkata kai yana bin hannunta da ido, irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da kayan mutane.

Ta lallaɓo gida da mai begila a tafin hannu. Kek ɗin na nan a kan tebur ba a taɓa ba, ƙudaje na zagaya shi. Ta danna lambar Bronwyn, wayar ta yi ta ƙara, har ta fid da rai sai aka ɗauka.

"Mama? Lafiya dai?" Muryar Tevita ce. "Bronwyn na tuƙi. Ko wani abu ya same ki?"

Glenys ta dubi mai begila a tafin hannunta. Tana jin ƙugin mota, tana jin Sela na shessheƙa a baya. Sai muryar 'yarta ta fito, a sanyaye, ba faɗa ba hayaniya.

"Kashe wayar, Tevita."