Muryar Inna a Bakin Mayya

Duk safiyar da ta biyo bayan an haska shirin mayu a talabijin, darakta yakan shigo ɗakin haɗa sauti riƙe da wayarsa, fuska ba annuri, ya ja kujera ya zauna a bayan Auta ya fara karanto abin da masu kallo suka rubuta. Ba wai Auta ne ya fi kowa laifi ba. Ɗakinsa ne kawai aka manna wa soso a bango, inda mutum zai yi masifarsa son ransa ba a ji shi a waje.

Masu kallo kuwa ba su san tausayi ba. Wani ya ce jinin da ake zubarwa ruwan tumatir ne, har 'ya'yan ya gani. Wata ta ce ta hango agogo a hannun tsohuwar mayyar da aka ce ta shekara ɗaruruwa a cikin kogo. Wani kuma ya yi godiya, ya ce shi da jaririnsa ba su taɓa samun barci mai daɗi irin na lokacin shirin ba. Auta yakan danne dariyarsa yana murɗa maɓallai, har ranar da abin ya iso kansa.

"Saurari wannan," in ji darakta. "Wai kukan da mayun suke yi in za su fito, wallahi akuya ce, kiwo nake yi, na san muryarsu."

Akuyar ce kuwa. Auta da kansa ya ɗauko kukanta a bayan kasuwa, ya juya shi ta baya, ya ja shi ya yi tsawo, yana ganin ya yi abin kirki.

"Ni ba ƙara nake so ba, Auta. Abin da nake so shi ne mutum ya ji, ya kasa shiga banɗaki shi kaɗai. Ka nemo min."

Ya nema. Aikin mai sauti dama tsince-tsince ne, kuma Auta ba ya rabuwa da 'yar na'urarsa ta naɗar murya, ko aski zai je tana aljihunsa. Ya gwada ƙofa mai tsatsa, ya gwada faɗan kyanwoyi, ya hura iska a bakin kwalba, ya kakkarya karas a gaban makirufo don ya yi kama da ƙashi. Duk wanda ya kunna wa darakta sai ya taɓe baki. Shi ma Autan ya san gaskiya, babu wanda ya taɓa masa zuciya a ciki.

Gidansu yana saman bene, tagar falo tana kallon wani siririn layi. Su uku ne a ciki: shi, da Yaya, babbar yayarsa da ta ajiye aikinta don jinya, sai Inna, mahaifiyarsu, wadda tsufa ya tafi da yawancin tunaninta. Takan manta ta ci abinci, takan manta mijinta ya rasu. Abu ɗaya ne ba ta mantawa. Da zarar rana ta faɗi sai ta lallaɓa zuwa taga, ta kama ƙarafunan da hannu biyu, ta kira ɗanta na tsakiya, wanda zazzaɓi ya ɗauke tun Auta yana goye.

"Ɗan Baba, taho gida, duhu ya yi."

A ɗaya gefen layin akwai tela. Ƙafarsa a kan keke, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Ga shi nan zuwa, Inna." Shi ke nan. Sai ta saki ƙarfen, ta koma ta zauna, Yaya ta miƙa mata kwano ta ci. Babu wanda ya tsara wannan. Telan ne ya fara wata rana don tausayi, abin ya zauna, har in ba ya nan mai shagon kusa da shi yakan amsa a madadinsa. Layin duka ya saba, kamar yadda aka saba da ƙarar injin niƙa.

Auta ya daɗe da naɗar wannan kiran. Ba don aiki ya yi ba, don ya san wata rana zai nemi muryar ya rasa. Wata azahar yana bin tsofaffin sautukansa ɗaya bayan ɗaya, abin saurare a kunne, sai hannunsa ya faɗa kan kiran. Tsigar jikinsa ta tashi. A gida bai taɓa jin tsoron kiran ba, don a gida akwai taga, akwai Inna da ɗankwalinta a karkace, akwai amsar tela. A cikin kunne kuwa babu ko ɗaya, sai murya tsagwaronta tana neman wanda ba zai zo ba.

Ya sake kunna shi. Sannan ya yanke sunan, ya yanke amsar, ya rage wa muryar gudu, ya sa mata amo kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Ya gaya wa kansa babu mai ganewa, tunda ɓoye murya sana'arsa ce. Ya manta cewa akuya ma an gane ta.

Darakta da ya ji sai da ya waiwaya ya dubi ƙofa. Marubucin shirin ya ji, ya koma ya sake labarin a kanta: mayya za ta yi kira da magariba, duk wanda ya amsa, da safe gawarsa za a tsinta. Aka haska. Washegari darakta ya shigo baki har kunne. Mutanen da suke zagi jiya su ne yau suke rantsuwa da fitila a kunne suka kwana. Gidan talabijin ya ɗauki kiran ya sa a tallar shirin, ana maimaita ta kowace yamma kafin labarai. Samari suka mai da shi ƙarar wayarsu. Auta ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Ya yi shekara da shekaru yana aikin da ba a lura da shi sai in ya ɓaci, yau ga shi ana zancensa a cikin motar haya.

Suka ba ta ƙare ba, launi kawai ta sauya. Iyaye suka fara ƙorafin yara suna fitsarin kwance. Darakta yana karanta waɗannan yana ƙyalƙyala dariya, don a wurinsa yabo ne. Cikin dariyar ya iso kan wani rubutu mai ɗan tsawo, na wata mata da ba ta sa hotonta ba.

"Na daina kallon shirinku, kuma ba don tsoro ba. Muryar da kuka sa wa mayyar nan ba ta 'yar wasa ba ce. Mace ce take kiran ɗanta da gaske, duk wadda ta taɓa tsayawa a ƙofa tana jiran yaro za ta gane. Ban san inda kuka samo ta ba. Ina so ne kawai in sani, ko ta san abin da kuka yi da ita?"

"Ka ji wata kuma," in ji darakta, yana wucewa zuwa na gaba. "Da an ce ba tsoro, yanzu an ce ya yi yawa. Mutane ba a iya musu."

Auta ya ci gaba da murɗa maɓallai. Tambayar tana da amsa, kuma shi kaɗai ya san ta.

A layinsu yara ne suka fara ganewa. Kalmomin ɗaya ne, jan muryar ɗaya ne, lokacin ma ɗaya ne. Inna tana buɗe baki sai su watse da gudu suna ihu, rabi wasa rabi gaske. Daga baya suka koma laɓewa bayan motoci suna kwaikwayonta. Manya suka tsawatar, amma su ma suka fara bi ta ɗaya gefen in za su wuce ƙasan tagar. Wata da ɗanta ya kwana da zazzaɓi aka ji tana tambaya ko ya bi ta wajen da yamma. Tela kuwa ya shiga rufe shagonsa tun da sauran rana, mai shago ya ƙara wa rediyonsa murya.

Inna ta yi kira, shiru. Ta sake, shiru. Ta tsaya a taga har ƙafafunta suka kumbura, abinci ya huce a kwano. Yaya ta gwada amsawa daga kicin, Inna ta juyo ta harare ta.

"Ke me kika sani, kina cikin gida?"

Yaya ba ta kallon irin waɗannan shirye-shiryen, don haka ita ce ta ƙarshen sani. A kantin magani ta ji, tana layi, wayar wani saurayi ta yi ƙara a bayanta. Da Auta ya dawo ya tarar da ita zaune a bakin gadonsa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Auta, muryar wa ka kai musu?"

"Yaya, na canza ta, ban zaci..."

"Ka canza ta. Ni da na ji ta a wayar wani ƙato ban yi minti ɗaya ba na gane uwata." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ni nake wanke ta, ni nake canza mata zani. Ban taɓa ce maka ka zauna ka taya ni ba, na ce kana aiki. Ashe aikin ke nan. Tun shekaranjiya rabonta da abincin kirki, sai ruwan shayi da nake ɗura mata. Ka je ka gyara abin da ka ɓata."

Da safe ya sami darakta ya gaya masa komai. Mutumin ba mugu ba ne. Ya dafe kai, ya ce sauran sassan da ba a haska ba za a cire, a sa wani abin, ko akuyar ce a dawo da ita. Amma tallar ta gidan talabijin ce, sun riga sun tsara ta har ƙarshen zango, zai dai yi musu magana. "Wadda ke cikin wayoyin mutane fa, Auta? Ita wa zan roƙa ya cire?"

Daga nan Auta ya wuce wurin tela, ya same shi yana haɗa hannun riga. Suka gaisa, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Auta ya yi bayani, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce shi ya naɗa, shi ya kai, Inna ba ta san komai ba.

Tela ya cire allurar da ke bakinsa. "Haba, ai ba sai ka faɗa ba. Inna ta san ni tun ina koyon sa maɓalli. Ni na san ba mayya ba ce."

"To ka taimaka ka ci gaba da amsa mata."

"A shirin naku, wanda ya amsa me yake samunsa?" Ya soka allurar a jikin rigar. "Ranar da na amsa na ƙarshe, 'yata ta riƙe min riga tana kuka, wai Baba zai mutu. Ta ƙi barci sai da ta kwana a jikina tana taɓa hancina. Uwarta ta ce in zaɓa. Kuma in gaya maka gaskiya, ni kaina yanzu in na ji kiran sai gabana ya faɗi, alhali na san Inna ce. Ka iya aikinka, malam."

Bai faɗa da gatse ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Ranar Auta bai koma ofis ba. Ya hau sama ya zauna kusa da taga, yana tunanin matar da ta yi rubutun nan, wadda ba ta san shi ba, ba ta san layinsu ba, amma ta ji abin da shi mai kunnen sana'a ya toshe kunnensa a kai. Ya so a ce zai iya ba ta amsa. Sai dai amsar ita ce a'a, Inna ba ta sani ba, kuma ko an gaya mata ba za ta riƙe ba.

Rana ta yi ƙasa. Inna ta taso tana dafa bango, ta kama ƙarafunan, ta ja numfashi. Kafin ta buɗe baki, tallar ta tashi daga talabijin ɗin mai shago, ta tashi daga gidan maƙwabta, a lokaci ɗaya, a hankali, da amon rijiyar nan. Taho gida, duhu ya yi.

Inna ta fasa kiran. Ta karkata kai tana saurare har aka maimaita.

"Auta, ka ji? Wata ma nata bai dawo ba."

"Na ji, Inna."

"Allah sarki. Muryarta har ta dishe." Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Layin ya yi tsit, ƙofar tela a rufe. "Bari in yi shiru kada in rufe mata murya, nawa ya san hanya. Ita wannan daga ji ta daɗe tana kira." Sai ta juyo ta dube shi sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba. "Kai kuma kana zaune, ƙato da kai? Sauka ka taya ta nema."

Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da kwano a hannu, ta ce, "Inna, ki ci abinci tukuna."

"In ci abinci ɗan mutane yana waje? Sai na ji an gan shi."

Auta ya sa takalminsa ya sauka. Ya tsaya a tsakiyar layin, mai shago yana kallonsa ta gefen ido, yara sun leƙo daga bayan wata mota. Ya ɗaga kai, ya ga Inna ta manna fuska a ƙarfen taga tana jira ta ga ta inda zai fara. Sai ya juya ya bi hagu, yana tafiya a hankali, yana leƙa kowane lungu.