Bamalli da Faifan Ba'amurke

Bamalli tela ya jingine kekensa a ƙofar gidan Theophilus a Kwamba, ya kwance jitarsa, yatsunsa uku naɗe da ƙyallen atamfa.

Theophilus ne shugaban makaɗan wani otal a hanyar Zuma, mai jitarsu kuma ya koma Inugu. Wata biyu ke nan da Bamalli ya nemi gurbin, aka ba shi aron faifan wani Ba'amurke, jaz gauraye da ganguna, kiɗa zalla ba murya. "Da wannan ake farawa," in ji Theophilus. "Ran da ka iya kiɗan farko, ka dawo."

Bamalli ya aro garmahon surukinsa ya duƙufa. Masu kawo masa ɗinki suka yi ta zarya. Matarsa Lauratu ta ce kiɗan kamar an ɗaura wa akuya gwangwani a wutsiya.

"Oga Theo, ban kamo shi duka ba," ya ce yana zama, "amma ka ji."

Ya runtse ido ya afka wa jitar. Yatsu na tashi, gumi na zuba. Chinelo, matar gidan, ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya.

Da ya tsaya, Theophilus ya daɗe baki buɗe. "Bamalli, wa ya biyo ka?"

"Ai haka mutumin yake yi."

Theophilus ya karɓi faifan ya ɗora a garmahonsa. Kiɗa ya fito a natse, kamar dattijo na dawowa daga Juma'a.

"Oga, batirinka ya yi sanyi," in ji Bamalli.

"Lantarki ne. A wace lamba kake sa naka?"

"Lamba kuma?"

Theophilus ya nuna masa ɗan maɓalli a gefe, talatin da uku a nan, arba'in da biyar a can. Ya murɗa shi zuwa arba'in da biyar. Kiɗan ya zabura.

"Yauwa!" Bamalli ya miƙe. "Ga mutumina!"

Theophilus ya yi dariya har ya dafa bango. "Wannan gudun ƙananan faifai ne! Wata biyu kana tsere da wanda ko sauri ba ya yi."

Bamalli ya dubi yatsunsa. "To, gurbin fa?"

"Kaɗa mini a hankali, ka samu. Mutane rawa suke zuwa yi, ba gudun ceton rai ba."

Ya gwada sau uku. Kowane karo sai yatsun su kufce masa.

Theophilus ya mayar da maɓallin inda ya dace, ya ce ya zauna ya saurara tukuna. Bamalli ya ji kiɗan har ƙarshe, haɓa a tafi, sannan ya matso ya rage murya.

"Oga, tsakaninka da Allah. Bawan Allahn nan, ba shi da lafiya ne ran da ya yi faifan?"